Daga Juji Zuwa Ɗakin Lacca: Tarihin Shigar Noman Oganik Cikin Karatun Jami'a

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1981 ne Jami'ar Kassel ta ƙasar Jamus ta kafa kujerar farfesa ta musamman domin koyar da noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin ƙwari na sinadari. Ita ake ɗauka a matsayin kujera ta farko irinta a duniya, duk da cewa an shafe fiye da shekara hamsin kafin nan ana rubuce-rubuce a kan irin wannan noma. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin dalilan da suka sa jami'o'i suka daɗe suna rufe wa fannin ƙofa, da abin da ya sa suka buɗe daga baya, sannan a dubi yadda al'amarin ya kasance a Nijeriya.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita suna. Sau da yawa akan ji masu fassara suna kiran wannan fanni "noman gargajiya", alhali akwai bambanci. Noman gargajiya shi ne wanda aka gada tun kafin zuwan takin zamani. Shi kuwa wanda ake magana a kai tsari ne da ya taso a ƙarni na 20 domin yin jayayya da takin zamani bayan ya riga ya kafu, kuma yana da dokoki rubutattu da masu duba gona da takardar shaida. Saboda haka a nan za a riƙa kiran sa "noman oganik", a bar wa noman gargajiya sunansa. Haka kuma idan an ce "taki" kawai, ana nufin na dabbobi da juji da toka, kamar yadda kalmar take tun asali, kafin a yi mata ƙarin "zamani" domin ta ɗauki baƙon abu.

2.0 Yadda Kimiyyar Sinadarai Ta Mallaki Tsangayoyin Noma

Har zuwa farkon ƙarni na 19, masana harkar noma a Turai sun tafi a kan cewa tsiro yana cin ruɓi ne, wato baƙar ƙasar nan da ke samuwa daga ruɓewar ganye da kashin dabbobi. A shekarar 1840 sai Justus von Liebig na Jami'ar Giessen ya fitar da littafin da ya rushe wannan ra'ayi. Ya nuna cewa abin da saiwa ke sha daga ƙasa ma'adinai ne narkakku, kuma tsiro bai damu da inda suka fito ba. Shekara biyu bayan haka John Bennet Lawes ya yi rajistar fasahar haɗa takin sufa a Ingila, sannan a 1843 shi da Joseph Henry Gilbert suka fara gwajin alkama a gonar Rothamsted, gwajin da ake ci gaba da shi har yau. Sun raba fili kashi-kashi: wani a sa masa takin shanu kowace shekara, wani takin zamani, wani kuma a bar shi haka nan. Filayen da aka ba cikakken takin zamani sun yi kafaɗa da kafaɗa da na takin shanu wajen yabanya, kuma wannan sakamako ya zama babbar hujja a hannun malaman noma.

Abin da ya rage shi ne naitirojin, wanda samunsa ke da wuya. Fritz Haber ya gano hanyar tatso shi daga iska a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da hanyar ta masana'anta a 1913. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu takin naitirojin ya yi araha, ga kuma sababbin magungunan ƙwari irin su DDT. Daga nan manhajar tsangayoyin noma ta ginu a kan wannan harsashi: a auna abin da ƙasa ta rasa, a sayo shi a buhu, a zuba. Tsarin ya dace da aikin jami'a ƙwarai, domin ana iya gwada sinadari guda a ƙaramin fili cikin damina ɗaya, a sami alƙaluma, a buga takarda.

3.0 Masu Jayayya Daga Wajen Jami'a

3.1 Albert Howard da Manoman Indiya

Abin lura shi ne, tushen jayayyar daga gonakin talakawan Asiya ya fito. F. H. King, tsohon farfesa a Jami'ar Wisconsin, ya zaga Sin da Koriya da Japan a 1909 yana nazarin yadda manoma suka yi dubban shekaru suna noma fili ɗaya ba tare da ya mutu ba, aka kuma buga littafinsa a 1911 bayan rasuwarsa. Amma wanda ya fi tasiri shi ne Albert Howard, masanin tsirrai da ya yi karatu a Cambridge, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta tura Indiya a 1905 domin ya inganta noman 'yan ƙasa. A tashar bincike ta Pusa ya lura cewa amfanin gonar manoman da ke kewaye ba ya yawan kamuwa da cuta, sai ya mayar da su malamansa.

Tsakanin 1924 da 1931 Howard ya shugabanci wata cibiyar bincike a Indore, inda shi da matarsa Gabrielle, wadda ita ma masaniyar tsirrai ce, da abokin aikinsa Yeshwant Wad suka tsara hanyar haɗa takin rami. Akan shimfiɗa kara da ganye da shara, a bi su da kashin shanu da ƙasar turke mai fitsari da toka, a riƙa yayyafa ruwa, a juya tarin sau uku, cikin kimanin wata uku ya nuna. A 1940 ya buga An Agricultural Testament, inda ya kafe a kan cewa lafiyar ƙasa da ta tsiro da ta dabba da ta mutum a haɗe suke, kuma duk abin da aka ɗauka daga gona wajibi ne a mayar mata. Ya kuma soki tashoshin bincike da kakkausan harshe, yana ganin sun yayyanka ilimin noma gunduwa-gunduwa har sun manta da gonar kanta. Wannan suka ta sa abokan aikinsa na da suka juya masa baya.

3.2 Steiner da Northbourne da Balfour

Wani reshen jayayyar ya fito ne daga Rudolf Steiner, wanda ya gabatar da laccoci takwas ga manoma a Koberwitz cikin watan Yuni na 1924. Koyarwarsa ta haɗa shawarwarin noma da wasu al'amura na ruhaniya, kamar cusa kashin saniya a cikin ƙaho a binne, da la'akari da tafiyar wata da taurari wajen aikin gona. Irin wannan ya ba malaman jami'a damar yi wa fannin duka kuɗin goro, su ce camfi ne. A 1940 Lord Northbourne, wanda ya karanta noma a Oxford, ya fara amfani da sunan da ake kiran fannin da shi yau a littafinsa Look to the Land, bisa ra'ayin cewa gona tamkar jiki ɗaya ce mai rai, wadda gaɓoɓinta ke ciyar da juna.

Eve Balfour ce ta fara yunƙurin kai maganar gaban ma'auni. Tana cikin matan farko da suka karanta noma a Reading, kuma a 1939 ta fara gwaji a Haughley inda aka kasa gona uku domin kwatanta tsare-tsaren noma gaba ɗayansu. Littafinta The Living Soil na 1943 ya kai ga kafa ƙungiyar Soil Association a 1946. Sai dai da kuɗin masu taimako aka gudanar da gwajin, ba a kuma maimaita filayen yadda ƙa'idar ƙididdiga ta tanada ba, don haka masana ba su karɓi sakamakon ba, har aka dakatar da shi a 1969. A Amurka ma ta hannun ɗan kasuwa J. I. Rodale da mujallar da ya kafa a 1942 ne fannin ya yaɗu. Matsayin hukuma kuwa ya fito fili a 1971, lokacin da Earl Butz, tsohon shugaban tsangayar noma ta Jami'ar Purdue wanda ya zama sakataren noma na Amurka, ya ce kafin a koma noman oganik sai an zaɓi mutum miliyan 50 da za a bari yunwa ta kashe.

4.0 Buɗewar Ƙofa

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa biyu ne suka sassauta matsayin jami'o'i. Na farko, littafin Rachel Carson mai suna Silent Spring na 1962 ya fallasa illar magungunan ƙwari ga tsuntsaye da kifaye da mutane, har aka hana amfani da DDT a gonakin Amurka a 1972. Na biyu, tashin farashin man fetur na 1973 ya nuna cewa takin naitirojin ya dogara ne da makamashi, kuma arahar sa ba dawwamammiya ba ce.

A daidai wannan lokaci magoya bayan fannin suka sake dabara. A 1972 aka kafa tarayyar ƙungiyoyinsu ta duniya, IFOAM, a Versailles ta Faransa. A 1973 aka kafa cibiyar bincike ta FiBL a Suwizalan, wadda Hartmut Vogtmann ya shugabanta, kuma a 1978 cibiyar ta haɗa kai da tashar binciken gwamnati aka fara gwajin DOK kusa da Basel. Wannan karon an bi ƙa'ida: an maimaita filaye, an auna duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Da aka buga sakamakon shekara 21 a mujallar Science a 2002, an ga amfanin gonar oganik ya gaza na ɗaya ɓangaren da kimanin kashi 20 cikin 100, amma taki da makamashin da aka kashe sun ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin ƙwari kuma da kashi 97, sannan ƙasar ta fi yawan tana da ƙananan halittu. Kowane ɓangare ya sami abin riƙewa, amma yanzu a kan alƙaluma ake gardama.

A Amurka, ma'aikatar noma ta fitar da rahoto a 1980 wanda ya ba da shawarar a fara bincike da koyarwa a kan fannin, amma da gwamnati ta sauya aka soke ofishin jami'in da ke kula da shi a 1982. A Jamus kuwa ɗalibai ne suka matsa lamba har aka kafa kujerar 1981 a harabar Witzenhausen, aka naɗa Vogtmann a kanta. Wani abin sha'awa shi ne, a wannan haraba ce aka kafa makarantar horar da manoman mulkin mallaka ta Jamus a 1898. Jami'ar Bonn ta bi sahu a 1987, kuma a tsakiyar shekarun 1990 Witzenhausen ta fara ba da cikakken digiri a fannin. Amurka ba ta sami digirin farko irin wannan ba sai a 2006, a Jami'ar Jihar Washington.

Doka da kasuwa su ne suka ƙarasa aikin. Majalisar Amurka ta yi dokar abincin oganik a 1990, Tarayyar Turai ta yi tata a 1991. Dokokin sun fayyace abin da aka halatta a sa wa gona da tsawon lokacin da za ta yi ba sinadari kafin a ba ta shaida, wato shekara biyu zuwa uku. Da zarar an sami doka sai aka bukaci masu duba gona da malaman gona da masu bincike, jami'a kuwa ita ke yaye su. Manhajar da ta samu ta ƙunshi nazarin halittun cikin ƙasa, da yadda dangin wake ke tara naitirojin ta ƙulluttukan saiwarsu, da karɓa-karɓar shuka, da haɗa kiwo da noma, da yaƙar ƙwari ta hanyar abokan gabarsu, da dokokin shaida da ciniki.

5.0 Al'amarin a Nijeriya

5.1 Karkarar Kano da Gwajin Samaru

Nijeriya tana da nata tarihin a wannan fage tun kafin sunan ya iso. A shekarun 1920, ƙarƙashin daraktan noma O. T. Faulkner, an yi gwaje-gwaje a Moor Plantation da ke Ibadan na shuka wani nau'in wake mai yaɗo a binne shi ɗanye domin ya zama taki. Gwajin ya yi kyau a tasha, amma manoma ba su karɓa ba, domin babu mai yarda ya ba da fili da ƙarfinsa ga shukar da ba za a ci ba. A Arewa kuwa, daga ƙarshen shekarun 1920 aka ɓullo da shirin haɗa noma da kiwo, inda En'e ke ba manomi rancen bijimai da garma, da nufin ya sami huɗa ya kuma tara taki a turke.

A tashar Samaru ta Zariya, wadda aka buɗe a 1922 ta kuma zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an fara wani dogon gwaji a 1950 bisa samfurin Rothamsted, ana kwatanta kashin shanu da naitirojin da fosfaras da fotashiyam, ɗai-ɗai da kuma a haɗe. Abin da shekaru suka nuna shi ne, filayen da aka daɗe ana zuba wa takin naitirojin shi kaɗai ƙasarsu ta yi tsami, yabanyarsu ta ja baya, su kuwa waɗanda aka haɗa wa kashin shanu da takin zamani sun fi riƙe ƙarfinsu.

A gefe guda, binciken Michael Mortimore na shekarun 1960 ya bayyana yadda manoman karkarar Kano ke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da an bar shi saura ba. Da rani jakai kan shiga birni da itace su fito da mangalolin juji da toka, a jibge su tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa. Ana shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa, a ciyar da tumaki da awaki da harawa, takinsu ya koma gona. Akan bar gawo a tsaye, shi da ke zubar da ganye da damina, Fulani kuma su sauka da shanunsu a gona bayan kaka. David Norman, wanda ya yi aiki a Samaru daga tsakiyar shekarun 1960, ya nuna da alƙaluma cewa haɗa shuka iri-iri a fili ɗaya, wanda malaman gona ke hana manoma, ya fi ba su riba da kariya daga asara. Kusan duk ginshiƙan da Howard ya yi wa'azi a kansu suna nan a wannan tsari, sai dai babu mai kiran sa da sunan wani fanni.

5.2 Jami'o'in Ƙasa

Tsangayoyin noma na farko sun ɗauko manhajarsu daga waje ne. Ta Ibadan ta taso ƙarƙashin Jami'ar Landan, Nsukka ta yi ƙawance da Jami'ar Jihar Michigan, Zariya da ta Jihar Kansas, Ife kuma da Wisconsin, a daidai lokacin da takin zamani ke ganiyarsa a can. Manufofin gwamnati ma nan suka karkata: shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin juyin noma na 1980 duk sun dogara ne a kan takin zamani mai rangwame, har kamfa da yuriya da sufa suka zama kalmomin yau da kullum a bakin manomi.

An kafa jami'o'in noma na tarayya a Abeokuta da Makurdi a 1988, da Umudike a 1992. Daga Abeokuta ne a 2004 wasu malamai suka ƙaddamar da shirin OAPTIN domin shigar da noman oganik cikin karatun manyan makarantu, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Coventry ta Ingila. Malaman Jami'ar Ibadan kuma, waɗanda suka yi aiki a kan sarrafa sharar kasuwa da ta mahauta ta zama taki, su ne suka jagoranci kafa ƙungiyar NOAN. A 2011 Tarayyar Afirka ta zartar da ƙudurin goyon bayan fannin, kuma a watan Oktoba na 2015 aka yi babban taron Afirka na uku a kansa a Legas. Ke nan fannin ya shigo jami'o'in Nijeriya ta Kudu maso Yamma, kuma ta hannun Turai, alhali mafi daɗewar hujjar gwaji tana Samaru.

6.0 Muhawarar da Ta Rage

Abubuwa biyu da suka faru a baya-bayan nan sun nuna nauyin da ke kan masu koyar da fannin. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos, dangin wanda ake kira fiya-fiya, da aka samu a cikinsa. Waken da aka ƙi a Turai irinsa ne ake ci a gida, wanda ke nuna bukatar masana hanyoyin adana amfanin gona ba da guba ba. A ɗaya ɓangaren, a watan Afrilu na 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ba tare da tanadin taki ko horar da manoma ba. Noman shinkafa da na shayi suka faɗi, aka janye dokar a watan Nuwamba na shekarar, kuma lamarin ya ƙara rura wutar rikicin da ya kori shugaban ƙasar a 2022.

Matsalar Afirka ta bambanta da ta Turai. Can yawan takin zamani ne ya gurɓata ruwa, nan kuwa taron Abuja na 2006 ya ƙiyasta cewa kilo 8 kacal ake sa wa hekta, ya kuma sa burin kai wa kilo 50. Lissafi ma yana da abin cewa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan aka ƙaddara busasshen kashin shanu yana da kashi 1 cikin 100, sai an tara kilo 2,300 kafin a maye gurbin buhu ɗaya, kuma manomin da ke da awaki biyar ba shi da wannan. Ga shi kuma manomin da bai taɓa sa sinadari ba, saboda rashin kuɗi, ba zai sayar da amfaninsa da sunan oganik a Turai ba sai ya sami takardar shaidar da kuɗinta ya fi ƙarfinsa. A duniya baki ɗaya, ƙididdigar 2022 ta nuna filin da ke ƙarƙashin tsarin ya kai kimanin hekta miliyan 96, wato kashi 2 cikin 100 na filayen noma da kiwo, kuma fiye da rabinsa yana Ostareliya, galibi makiyaya.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa noman oganik ya samo asali ne daga lura da aikin ƙananan manoma, ya yi kusan rabin ƙarni a wajen jami'a saboda rinjayen kimiyyar sinadarai da kuma raunin hujjojin magoya bayansa, sannan ya sami shiga lokacin da ya yarda a ɗora shi a kan ma'auni. Jami'o'in Nijeriya sun karɓe shi a makare, kuma da sigar da aka tsara domin kasuwar Turai. Manhajar da za ta amfani ɗalibi a nan ita ce wadda za ta koya masa dokokin shaida domin cinikin riɗi da citta da zoɓo a ƙetare, ta kuma zaunar da shi a kan sakamakon Samaru da dabarun karkarar Kano da darasin Moor Plantation. Akwai kuma aiki a gaban masana harsuna, domin ilimin manoma game da ire-iren ƙasa da taki da shuka yana ƙunshe ne cikin kalmomin Hausa da Yarbanci da Ibo da Tibi da sauransu, kuma tattara su aiki ne da sassan harsuna da tsangayoyin noma za su iya yi tare. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.